Ba Faɗa Nake Ba, Gyara Nake

Ranar da Kafinta ya fara zuwa shagon Mai Zare, ya yi ta sallama har ya gaji babu wanda ya amsa, alhali yana jin mutane suna cacar baki a ciki. Muryar mace tana rantsuwa ba za ta koma ba, wata muryar namiji mai kauri kamar ta mai mura tana cewa ai kuwa sai ta koma. Da ya ji abin yana neman kaiwa ga doke-doke, sai ya ɗaga labule ya shiga da niyyar rabon faɗa.

Budurwa ɗaya tal ya tarar, zaune a kujerar roba. Kwarashi na gudu a hannunta, jan zare na fitowa daga kwandon da ke gefen ƙafarta, wayarta kuma na jingine da kwalbar maɓallai tana ɗaukar murya.

"Ina mutumin?" ya ce, yana leƙa bayan ƙofa.

Ta zabura, ta kai ɗan yatsa ta tsayar da wayar. "Wane mutum?"

"Wanda ya ce sai kin koma."

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce, "Ni ce mutumin. Ni ce kuma matar."

Ya dube ta, ya dubi wayar, ya ajiye akwatin kayan aikinsa a hankali. "To Allah ya sasanta ku. Ni dai an ce mini kantarki ta karkace."

Gaskiya ne, kantar ta daɗe da karkacewa, har curin zare kan gangaro da kansa ya faɗo wa kwastoma a ka. Ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce wani mai ido ne, kuma an hana shi faɗa. Sai ta ɗauka mai ginin ne Allah ya shirya, ta matsa masa ya wuce.

Mai Zare dai sana'a uku gare ta a hannu biyu. Tana saƙa jakunkuna da hulunan jarirai, tana sayar da su a wannan ɗan shagon da bai fi ɗakin girki ba, sannan tana rubuta labari babi-babi tana sakawa a wani guruf na waya da mata suka cika maƙil. Babanta ya sha gaya mata cewa taura biyu ba ta taunuwa, ita kuma ta cusa uku. Dabarar da ta samo ita ce ta bar wa hannu saƙa, ta bar wa baki labari. Tana saƙa tana faɗa, waya na ɗauka, da safe kafin ta buɗe shago ta zauna ta mayar da shi rubutu. Masu karatu su ne masu sayen jaka, masu sayen jaka su ne masu karatu. Illar dabarar guda ɗaya ce, kuma a lokacin ba ta ɗauke ta illa ba: duk abin da ya shigo ta ƙofar shagon, tari ne ko tsaki ko karin maganar wani, yana iya zarcewa cikin labarin.

Kafinta ya cire kantar, ya sake kafa ta, ya ɗora ɗan ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya har ya ga ta zauna daidai. Aikin da bai kai a sha shayi a gama ba, shi ya ja shi har la'asar, don kuwa ta ci gaba da labarinta ƙasa-ƙasa, shi kuma kunnensa ya ƙi tafiya.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa. "Malama Rediyo, wai ta koma ɗin?"

"Sai ka shiga guruf ka karanta."

"Ni da na buɗe rubutu barci ke ɗauke ni. Sai dai in dawo in ji daga tasha."

Ya kuwa dawo. Da farko da hujjar ƙusar da wai ya manta bai buga ba, daga baya da wasu zobba biyu na katako, ya goge su da samfefa sun yi sumul. Ya ce ya lura hannun jakunkunanta na zare ne, yana miƙewa idan kaya ya yi nauyi, ta gwada wannan. Ta gwada, jakar ba ta kwana a shagon ba. Kafin wata ya zagayo oda ta yi mata yawa har tana ba mutane haƙuri, shi kuma ya sami dalilin zuwa kullum ba tare da ya sake yi wa ƙusa ƙarya ba.

Yakan zauna a kan akwatinsa daga bakin ƙofa, labule a ɗage, yana goge katako, ita tana saƙa tana labari. Idan jarumin ya yi wauta sai ya girgiza kai. Idan ta rasa yadda za ta fita daga wani babi sai ta ga ya daina guga yana jira, jiran nan nasa kuma shi ke tura ta gaba. Ba ta san ranar da ta fara duba hanya in ya makara ba.

Wata safiya saƙonsa ya riga hasken rana shigowa:

"Rediyona, barka da asuba. Jiya na auna katako na yanka, sai da na gama na ga hannun jaka na fitar, alhali ƙafar kujera aka ba ni. Mai kujera yana nan tafe. Ki taya ni da addu'a, ko ki taya ni da amsar tambayar da na yi miki."

Ta karanta ta sake karantawa, ta rufe fuska da matashi ita kaɗai kamar wani na kallonta. Sannan ta rubuta:

"Kafintana, mai kujera ya yi haƙuri, ni ma jiya hular jariri na fara, ta zama jaka. Amsar tambayarka tana wurin Baba. Amma in ka je ba za ka sha wahala ba, na riga na share maka hanya."

Bai sha wahalar ba kuwa. Baba ya yi bincikensa, ya ji yaro ne mai sana'a, maraya, shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, ba ya da abokin faɗa. Ya ce ya turo manyansa. Saura kawai ita ta je ta gaida Umma, mahaifiyar tasa, kuma duk lokacin da ta tambaye shi wace irin mace ce, sai ya yi dariya ya ce, "Ranar da kika gan ta za ki sha mamaki."

To, a nan ne za a koma baya kaɗan.

Tun kafin Kafinta ya san hanyar shagon, akwai wata dattijuwa da ta sayi koriyar jaka, ta kuma mayar da jakar nan abin zuwa da dawowa. Yau ta ce bakin ya yi faɗi, gobe ta ce gindin bai zauna ba, jibi ta ce an ja zaren da ƙarfi a gefe guda. Takan zauna a benci ta daɗe, idonta ƙur a kan hannun Mai Zare, tana nuni da baki: "Sassauta nan. A'a, koma baya." Idan ta ga fuskar yarinyar ta canza sai ta ce, "Ni ba faɗa nake ba, 'yar nan, gyara nake." Kuma duk zaman da za ta yi, hannayenta suna cikin mayafi, ba ta taɓa fito da su ba. Ko jakar ma a gwiwar hannu take rataye ta.

Mai Zare tana da haƙuri a fuska, amma bakinta yana da nasa ra'ayin. Dattijuwar na fita, ta danna waya, aka haifi Gwaggo Gyara. Ta ba ta muryar, ta ba ta nunin bakin, ta ba ta karin maganar ba ragi. Sannan ta ƙara gishiri: wai Gwaggo Gyara ba ta fito da hannu daga mayafi ne don tsoron kada a yi kuskure a ga ta ba wani kyauta. Guruf ya kama da dariya. Mata suka riƙa tsokanar junansu da "ba faɗa nake ba," wasu har shago suke zuwa su sayi jaka don su tambaya ko Gwaggo ta zo yau. Da dattijuwar ta ɗauke ƙafa, daidai lokacin da aka gyara kanta, Mai Zare ta yi ajiyar zuciya, har ta yi babi guda a kan hutun da unguwa ta samu.

Shagon da ke jikin nata na wata mai sayar da kayan shafe-shafe ne, kowa Kwalliya yake ce mata. Ta daɗe tana kiran Kafinta gyaran madubin da babu abin da ya same shi, yana zuwa ya duba ya ce lafiyarsa lau ya fita. Ita ta san gidansu, ta san mahaifiyarsa, tana kuma cikin guruf. Da ta ji manya sun kusa zama, sai ta shirya ta tafi gaida Umma, ta zauna ta karanta mata babin nan tiryan-tiryan, har da kwaikwayon murya.

Ranar Kafinta bai zo ba. Washegari ma haka. Mai Zare ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai da rana ta take saƙo ya shigo:

"Ki yi haƙuri da shiruna, na rasa ta inda zan fara ne. Gwaggo Gyara mahaifiyata ce. An karanta mata komai. Ita ce mai idon da ta ga kantarki ta karkace, ta ce in je in gyara wa yarinyar nan mai hannu mai kyau, kada in faɗi sunanta. Da ta ga na fara zarya sai ta daina zuwa don kunya. Yanzu ta ce ba za a kawo mata wadda za ta mayar da gidanta abin dariyar duniya ba. Ta ce ko rubutu, ko ni. Ban daina sonki ba ko na minti ɗaya, amma ban taɓa ganin Umma ta yi kuka irin na jiya ba."

Kwarashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta zauna tana kallon kantar nan da ta miƙe sak, zare jere a kanta launi-launi, babu wanda ya sake faɗowa tun ranar. Ashe matar da ta mayar abin wasa ita ce ta aiko mata da gyaran, ta aiko mata da mai gyaran. Ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, ta yi kuka har ta gode wa Allah.

Ta rubuta masa: "Wallahi ban sani ba. Amma ko ba mahaifiyarka ba ce, mahaifiyar wani ce. Na yi laifi."

Ya amsa: "Akwai abin da ya fi yi mata ciwo a ciki, amma ba ni ne zan faɗa miki ba."

Kwanakin da suka biyo baya ta gwada zama irin matar da Umma take so. Ta kife wayar a cikin aljihun tebur, ta ce daga yau saƙa da ciniki kawai. Ai kuwa sai hannun ya yi mata tawaye. Ashe bakin ne yake riƙe masa lissafi. Cikin shiru ta riƙa tsallake ƙulli, jaka ta fito baki a karkace, hula ta fito kamar ta ɗan tsana. Ta saƙa ta warware, ta saƙa ta warware, har zaren ya yi laushi ya tashi gashi. A guruf ana ta tambayar ko lafiya, masu oda suna ta kira. Kwalliya kuwa sai ta riƙa leƙowa tana cewa, "Maƙwabciya, yau tashar ba ta kama ba ne?" Mai Zare ta riga ta ji ita ce ta kai wa Umma babin, amma ba ta riƙe ta a rai ba, don ta san Kwalliya karantawa kawai ta yi, wadda ta rubuta tana nan zaune.

Baba ne ya lura ta daina surutu a gida. Bayan ya ji komai daga bakin yayarta, sai ya kira ta tsakar gida.

"Auta, za ki iya barin rubutun nan?"

"Zan iya, Baba."

"Dube ni ki faɗa."

Ta ɗago, ta kasa. Hawaye suka zubo.

Ya ce, "Tun kina 'yar mitsitsiya kike tara 'yan tsana kina ba su labari, na hana na gaji. Ni na ce taura biyu ba ta taunuwa, amma na ga kin tauna uku ba ki ƙware ba. Kada ki je ki yi wa baiwar Allah alkawarin da za ki karya bayan an ɗaura, wannan ya fi na farko muni. Ki je ki ba ta haƙuri a kan abin da kika yi, ki gaya mata gaskiya a kan abin da ba za ki iya ba. In ta ce a'a, uwa ce, tana da iko da ɗanta, sai mu yi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ke da uwa za ki durƙusa wa."

Washegari da hantsi yayarta ta raka ta. Ba ta sanar da Kafinta ba. Ta rasa abin da za ta riƙa, sai ta ɗauki jakar aikinta kawai don hannunta ya sami abin kamawa.

Umma na zaune a ɗakinta kan darduma, mayafi lulluɓe har gwiwa. Ta amsa gaisuwar a daƙile. Yayar ta gaisa ta koma waje. Mai Zare ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, amma idon mai sana'a ba ya jin magana. Shimfiɗar gadon saƙa ce. Rigar matashi saƙa ce. Mayafin da aka rufe akwati da shi saƙa ce, wani irin zubi mai furanni cikin furanni da ba ta taɓa ganin irinsa ba, ya tsufa amma ko ƙulli ɗaya bai saki ba.

Ta ce, "Umma, na zo ne ki yafe mini. Kin shigo shagona da alheri, na saka miki da abin da bai dace ba. Ba ni da hujja."

Ta ƙara sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Zan goge babin duka, in kuma gaya wa masu karatu na yi kuskure. Amma Umma… an ce in zaɓa. Na gwada bari, wallahi na gwada, hannuna ma ya ƙi aiki. In na ce miki na daina har abada, ƙarya zan yi miki, kuma ba na so in shigo gidanki da ƙarya. Abin da zan iya rantse miki shi ne ba zan sake ɗaukar mutum in sa a labari don a yi masa dariya ba. In hakan bai isa ba, na haƙura, ba zan shiga tsakaninki da ɗanki ba."

Ta faɗa ta gama, ta ji kamar ta yanke hannunta da kanta.

Umma ta ɗago ta dube ta. Can ta ce, "Matso."

Ta matsa. Dattijuwar ta zame mayafin a hankali, ta fito da hannayenta ta ɗora a cinya. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, sun lanƙwashe gefe guda, babban yatsan dama ko motsi ba ya yi.

"Ga rowar tawa," in ji ta.

Mai Zare ta toshe baki.

"Duk abin da kike gani a ɗakin nan su suka yi shi. Da mahaifinsa ya rasu, da kwarashi na ciyar da yaron nan, da shi na kai shi koyon aiki, da shi na saya masa zarto na farko. Sai ciwon sanyi ya zo ya karɓe. Yanzu ko maɓalli sai an ɓalle mini." Ta ja numfashi. "Ranar da na wuce ta shagonki na ga yadda kike riƙe zare, sai na ga hannuna na da. Jakarki ba ta da aibun da zai sa a dawo da ita, 'yar nan. Ni ce nake neman dalilin zama in kalla. Da kika sa ni a labari ban damu da muryar ba, na san ina da baki. Hannun ne. Abin da nake ɓoyewa don kada a tausaya mini, shi aka taru ana yi wa dariya."

Mai Zare ta kifa kanta a gefen dardumar tana kuka, tana ta maimaita a yafe mata. Ta ga komai daidai, nunin baki da mayafi da zaman benci, amma ta fassara shi a karkace, kuma ba ta taɓa tsayawa ta tambaya ba.

Ta ji wani abu mai tauri ya sauka a kanta a hankali. Hannun ne.

"Ya isa. Tashi. Da kin zo kin ce kin daina, da na san kin yi mini ƙarya, don ni ma an taɓa cewa in ajiye kwarashi, na ce to, na koma ina yi a ɓoye." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma maganar gogewa ba ta taso ba. Ke da kike saƙa, in kin yi kuskure a tsakiya, jefar da jakar kike yi?"

"A'a, Umma. Warwarewa nake zuwa inda na ɓata, in sake ɗaukowa."

"To haka za ki yi wa Gwaggon taki. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Me ke cikin jakar nan?"

Sabon zare ne fari, irin wanda ake sayarwa a sake, sai an naɗe shi curi kafin a yi aiki da shi. Kullum a bayan kujera take rataya shi ta naɗe, yana zamewa yana cukurkuɗewa. Umma ta miƙo hannayen nan biyu gaba, ta ware su.

"Rataya nan. Wannan kam har yanzu suna iyawa. Ki kunna abin naki kuma, in ba ki labarin yadda aka yi Gwaggo ta fara ɓoye hannu. Amma ki faɗe shi yadda na faɗa, ban da gishiri."

Haka Kafinta ya dawo cin abincin rana ya same su: zare rataye a wuyan hannun mahaifiyarsa tana karkata shi dama da hagu, Mai Zare na naɗewa, waya na jingine da kofi tana ɗauka, su biyun ido ya yi ja. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe shi da ƙusa.

Umma ta ce, "Kai kuma ka tsaya kana kallon mutane? Je ka gaya wa kawunka ya shirya, su je su ga mahaifin yarinyar nan."

Bai ko tsaya cin abincin ba. Kafin ta isa gida saƙonsa ya riga ta:

"Rediyona, yau na ga abin da ban taɓa zaton gani ba, Umma ta fito da hannunta a gaban wani. Ban san me kika ce mata ba, amma na gode. Na gode. In na rayu shekara ɗari ina sassaƙa miki hannun jaka ban biya ki ba."

Ta amsa: "Ba ni za ka gode wa ba, Kafintana. Ita ta aiko ka, ita ta kuma karɓe ni. Ni kantata kawai na san ta karkace, ashe har da idona."

Sabon babin da ya fita, da izinin Umma, ya sa guruf ya yi tsit, sannan saƙonni suka ɓarke. Wata ta ce ta tashi ta je ta duba kakarta. Wata ta ce a gaya wa Gwaggo ta yafe musu su ma, don sun yi dariya. Kwalliya ta shigo shagon tana murza gefen gyale, wai ita ba da wata manufa ta karanta ba. Mai Zare ta ba ta kujera, ta ce, "Da ba ki karanta ba, da na shiga gidan da laifin da ban san na yi ba. Allah ya sa hakan ne alheri." Kwalliya ta tashi ta sayi hular jariri alhali ba ta da jariri.

Benci kuwa ya dawo da mai shi. Kafinta ya yi masa majingina, ya sa masa matashi. Umma takan zo da hantsi ta riƙe zare, ta karɓi baƙi idan hannu da baki duk sun kama aiki, ta kuma hana a karɓi odar da ta fi ƙarfin mako. Idan labari ya fara kauce hanya sai ta yi gyaran murya. Baba da ya leƙo wata rana ya ga yadda shagon ke tafiya, ya ce ashe taura uku tana taunuwa, in an sami mai taya riƙe ɗaya.

Aka sa rana, aka ɗaura aure cikin rufin asiri da farin ciki. Da yamma aka kawo amarya ta gaida uwar miji, ɗakin cike da mata. Ta durƙusa a inda ta taɓa durƙusawa. A kanta akwai farin mayafi na saƙa mai furanni cikin furanni, wanda ta yi makonni tana yi, Umma na gefe tana koya mata zubin da baki, ƙulli bayan ƙulli.

Umma ta dube ta sama da ƙasa. Sannan, a gaban kowa, ta fito da hannayenta biyu, ta kama gefen mayafin da ya ɗan zame, ta ja shi da ƙyar har ya zauna daidai a goshin amarya.

Ta ce, "Ni ba faɗa nake ba, 'yata…"

Daga ƙarƙashin mayafin, cikin muryar kuka da dariya, amarya ta ce, "Gyara kike, Umma. Allah ya bar mana ke ki yi ta gyara mu."

Ɗakin ya amsa da amin. Umma ba ta janye hannun ba, ta bar shi a kan amaryar.

"Allah ya yi muku albarka, ke da shi. Allah ya sa albarka a hannunki da bakinki da kasuwarki. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, masu gani su tambaya kafin su faɗa."

Daga bayan taga, inda ango ya laɓe yana saurare, aka ji amin ɗin da ta fi ta kowa ƙarfi.